Wayar Shanya

Ku yi mini afuwa, ban isa in riƙe alƙalami a gaban manya ba. Labarin ne ya ƙi barina in yi shiru.

Harouna tela ya sake murɗa kunnen rediyon, ba abin da ya fito sai shuuu. Maƙwabta sun cika tabarma a tsakar gidansa da ke Goudel, tsohuwarsa Delu kuwa ta matso har kunnenta na gogar akwatin. Ta manta rabonta da jin muryar autanta Abdou, tun da ya rataya molonsa ya bi manyan motoci. Wani direba ne ya kawo labari cewa yau bayan la'asar wata tasha mai nisa za ta sa waƙarsa, sau ɗaya tak, a layin dogon zango.

"Kai Harouna, ruwa ake yi a cikin abin nan?"

"Haƙuri, Inna. Ba laifin batir ba ne, pil ɗin sabo ne wallahi."

"Tela dai tela ne," in ji Bawa masunci. "Da riga ce, da tuni ka yi mata aljihu."

Aka kwashe da dariya, ban da Delu.

Halimatou, 'yar Harouna, tana raɓe a bakin madafa da littafinta a ƙirji. A lakwal, wato makaranta, malaminsu da suke kira mushe ya faɗa musu cewa gajerun igiyoyin rediyo tsalle suke yi sama su dawo, dogayen kuwa rarrafe suke bisa ƙasa, kuma ba sa kamuwa sai da doguwar waya da ƙasa mai laima. Ta dubi wayar rediyon da Baba ya ɗaura a bayan rumfa, ba ta fi tsawon tabarma ba. Ƙusar da ya kafa wa rediyon a ƙasa kuma tana cikin busasshen rairayi.

"Baba..." ta fara, sai ta fasa. Yarinya ta gyara wa ubanta a gaban maza? Ga shi an idar da salla tun ɗazu, rana sai karkata take.

Delu ta ce a hankali, "Bari kawai, ɗana. Wataƙila ba rabona."

Wannan maganar ce ta ɗaga Halimatou. Ta zagaya bayan rumfa, inda wayar shanyar uwarta ta miƙe daga mangwaro har katanga. Ta kwashe zannuwa, ta kankare tsatsa da dutse, ta murɗe bakin wayar Baba a jikin wayar shanyar. Sannan ta juye ruwan buta kaf a gindin ƙusar.

Daidai lokacin haƙurin Delu ya ƙare. Ta ɗaga tafi ta ɗaɗa wa akwatin.

"Yi magana, ɗan nema!"

Sai ga kiɗan molo, siriri da farko, sannan ya cika tsakar gida, murya na biye da shi.

"Abdou ne! Ja'iri, har yau ta hanci yake waƙa!" Tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ashe mari yake so," in ji Bawa. "Harouna, bar wa Hajiya kayan aiki."

"Ku yi mini shiru, yarona na magana!"

Halimatou ta tsaya har baiti ya kai ƙarshe. Sannan ta rungumi ɗanyun zannuwan, ta bi ta jikin katanga ta shige ɗaki, ba wanda ya waiwayo.