Tsarabar Mai Kemis

Tun ranar da aka kwantar da mai walda a asibiti, bayan tukunyar gas ta fashe a shagonsa, yayarsa ba ta bar gefen gadonsa a ɗakin 'yan ƙuna ba. Ciwon ya ƙi kamewa, sai wani ruwa kore mai wari yake yi. Likita ya canja allura har ya gaji, sannan ya faɗa mata gaskiya: ƙwayoyin cutar sun saba da magungunan, sun daina jin su, hannunsa da ya ƙone kuma sai an yanke.

Ta san wanda ya saba musu. Mai kemis ɗin layinsu ne, wanda ko mura ƙaninta ya yi sai ya ɓallo masa kafso biyu. Da ya ƙone ma, shi ya hana a tafi asibiti da wuri, ya dinga fasa kafso yana barbaɗa garin a kan ɗanyen nama.

Da safe nas na juya baya, ta zaro tsohon bandejin ƙaninta daga kwandon shara, ta ƙulle a leda.

Ta tarar da kemis cike da mutane, ta dire ledar a teburinsa.

"Tsaraba ce daga ƙanina, likita," in ji ta, don haka yake so a kira shi. "Ka ce babu abin da kafsonka ba ya kashewa. Ga fili ga mai doki."

Ya kai hannu zai kwance ƙullin. Ta hango ɗanyen yankan reza a babban yatsansa. Ta gyara tsayuwa, ta ja bakinta ta yi gum.