Ranar da Aka Zo Auna Layin Masu Keke

Maman Kumatu ta dawo daga asibiti, inda ta kai 'yarta allurar rigakafi, ta tarar ɗakinta ya koma sito. Kwalayen sababbin kekuna ne tun daga bayan ƙofa har gindin gado, an ɗora wasu kan wasu har sun rufe rabin taga. Ko'ina warin sabuwar roba. Mijinta na zaune a bakin katifa yana fifita da hula.

"Baban Kumatu, tashi muka yi ban sani ba?"

"Baƙi na kawo miki. Ba sa ci, ba sa sha, ba sa gulma. Ina za ki samu irinsu?"

Ba ta yi dariya ba, dole ya yi bayani. Masu ƙidaya ne za su zo layinsu na masu sayar da kekuna, Shugaban layi kuma ya tara su ya ce kowa ya kwashe kayansa ya bar na gani kawai. Haka ake yi tun zamanin iyayensu: duk baƙon da ya shigo da biro a hannu, talauci ake nuna masa, don daga ƙidaya sai haraji.

Ta sauke yarinyar. Kumatu ta fara koyon tsayuwa, duk abin da hannunta ya kai sai ta kama ta miƙe. Nan take ta rarrafa wajen kwalayen, uwar ta cafko ta.

"Ni ba haka na ji ba," in ji ta. "Matar wani mai sayar da katifu muka zauna da ita a asibiti. Ta ce rushe kasuwar za a yi a koma sabon gini. Hukuma na auna girman kowace sana'a, da ko tana da rai ko ta kusa mutuwa, don a san filin da za a ba ta. Su masu katifa har na sito suka fito da su."

"Haka ake cewa kullum, Maman Kumatu. Da zaƙi suke farawa."

"In kuma wannan karon gaskiya ce fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Shugaba ya riga ya yi magana."

Ta san mijinta. Ba maƙaryaci ba ne, a ciniki ko waya ɗaya ta birki ta lalace sai ya faɗa wa mai saye. Amma Shugaba abokin marigayi mahaifinsa ne, shi ya tsaya masa har shagon ya zama nasa, ba ya iya kallon idonsa ya ce a'a.

Ita kuwa ba ta taɓa zama a shagon ba, amma a tukunyarta take sanin lafiyar kasuwa. In an koma makaranta, iyaye suka fito sayen keke, miya kan yi nama. In damina ta yi nauyi sai a lallaɓa. Sana'ar ba ta mutu ba, ita ke ciyar da su, ita za ta kai Kumatu makaranta. Ta kuma san abu ɗaya da ta sha ji a bakinsa: ba wanda ke sayen keke bai hau ya zagaya ba. In aka rubuta cewa su 'yan ƙalilan ne masu fama, aka cusa su a wani lungu a bene, wa zai hau matakala ya gwada keke? Wa zai sauko da shi a kafaɗa?

Kwalayen suka kwana biyu suna cin wuri. Ran da masu ƙidaya za su zo, bayan mijin ya fita, tana wanke kwanoni a bakin ƙofa ta ji wani abu ya faɗi tim. Ta shiga da gudu. Kwalin sama ne ya zamo, ya faɗi dab da ƙafar Kumatu, yarinyar na zaune tana kallonsa, ba ta ma san za ta yi kuka ba. Uwar ta ɗauke ta ta duba 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta goya ta, ta yafa gyale, ta fita neman mai amalanke.

Da ta isa kasuwa, ta ce wa mai amalanken ya jira da kayan a bakin titi, ita ta shiga layin.

Ba ta taɓa ganinsa haka ba. Shagunan da kekuna kan cika har su rataye a rufi sun yi wayam. Nan keke biyu, can uku, an zaɓi masu ƙura. Dogo, maƙwabcin mijinta, ya sa wata yagaggiyar riga.

"A'a, amaryarmu! Kin zo ki taya mu kukan talauci?"

"Dogo, wannan rigar daga wane juji?"

"Ke dai ki girmama ta. Ta ga masu ƙidaya uku, ba wanda bai tausaya mata ba."

Mai ƙidayar mace ce, da 'yar jaka a kafaɗa da waya a hannu, fuskarta duk gajiya. Tana tsaye a shagon Baban Kumatu tana tambaya: guda nawa yake sayarwa a wata, mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa, ciniki ya ƙaru ko ya ragu. Shi kuma yana kallon ƙasa yana cewa, "Sai dai godiyar Allah, malama. Babura sun kashe mu." Shugaba na zaune a kan benci a gefe, yana jan carbi yana gyaɗa kai.

Maman Kumatu ta gaishe da Shugaba har ƙasa, sannan ta juya.

"Malama, don Allah in tambaye ki. Wannan rubutun, me za a yi da shi?"

"Da shi za a raba wuri a sabon gini, 'yar'uwa. Sana'ar da ta fi girma da motsi, ita za a ba ƙasa da bakin hanya."

"Masu haraji fa? Za su gani?"

Matar ta ɗago kai daga wayarta. "Ba su suka aiko ni ba. Amma ba zan rantse miki cewa ba zai kai hannunsu ba. Ni dai abin da na gani nake rubutawa. Kuma abin da na gani a layin nan tun safe, gaskiya bai cika falo ɗaya ba."

"Kun ji ko," in ji Shugaba. "Ba za ta rantse ba."

Maman Kumatu ta dubi Shugaba. Ta so a ce mata babu haraji, magana ta ƙare. Ashe tsohon ma yana da tasa gaskiyar. Ta matsa kusa da mijinta, ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Kwali ya faɗo a gefen Kumatu. Ba abin da ya same ta. Kayanka suna bakin titi a amalanke, ba za su sake kwana a ɗakina ba. In ka ga dama ka kai su gidan Dogo, ba zan ce komai ba. In ka ga dama ka shigo da su. Kai ne mai shago. Ni dai a ganina haraji ana biyansa a ci gaba da sana'a. Lungu kuwa, in aka sa ka, ka shiga kenan."

Ya leƙa bayanta ya taɓa ƙafar yarinyar, ya daɗe yana murza ta. Ya dubi Shugaba, ya dubi shagonsa da ya koma kamar an yi masa sata.

"Malama," ya ce, "ɗan dakata. Ban gama nuna miki ba."

Ya fita bakin layi ya ɗaga hannu. Amalanke ta shigo tana ƙara, kwalaye har sun fi mai turawa tsawo, masu shaguna suna fitowa kallo. Carbin Shugaba ya tsaya.

"Yaro, ka san abin da kake yi?"

Baban Kumatu ya durƙusa. "Baba, ban sani ba duka. Amma in an tashi rabon wuri, ina so a san muna nan."

Shugaba ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya wuce. Wasu suka bi bayansa. Dogo ya tsaya yana sosa ƙeya, hannu ɗaya a aljihu yana juya makullan sitonsa, bai tafi ba, bai kuma buɗe ba.

Mai ƙidaya ta goge abin da ta rubuta ta sake farawa. "To, malam, guda nawa a wata?"

Ya buɗe baki, sai ya tsaya, ya yi 'yar dariyar kunya. Bai taɓa faɗin adadin a gaban mutane ba. Ya faɗa a hankali, matar ta ce ba ta ji ba, ya sake faɗa da ƙarfi.