Singiletin Maigida

Wata biyu Injiniya ya ba Uwar Shuka, ba ƙarin ko kwana ɗaya. Filin da ke tsakiyar sababbin gidajen ne abin rigima. Manyan motocin gini sun shekara suna kai-komo a kansa har ƙasar ta daskare, ruwan sama ma sai ya kwanta ya rasa hanyar shiga. Injiniya ya ce ƙasa ta mutu, a malala siminti kowa ya huta. Ita kuwa, da aka ɗauka aiki don ta raya wurin, ta ce suma ta yi. Wata bakwai tana lulluɓe ta da busassun ganye da taki, ta ja igiya ta hana kowa takawa, har mazauna gidajen suka laƙaba mata wannan suna.

Sai suka yi yarjejeniya. Za ta binne ƙyallen auduga a filin na tsawon wata biyu. In ƙasa na da rai, ƙananan halittun cikinta za su cinye shi. In ya fito lafiya lau, motar siminti ta shigo.

Ranar binnewa ta birkice gida, ba ta samu auduga zalla ba sai singiletin mijinta, wanda yake ji da shi kamar me. Ta zare shi daga igiyar shanya ba da saninsa ba. Bawan Allah ya yi wata biyu yana cigiya, ya zargi iska, ya zargi ƙaninsa, ita ko har taya shi leƙa ƙarƙashin gado take yi.

Ranar tono mijin ya rako ta, saboda ya lura ko abincin kirki ta kasa ci. Ta kafa shebur. Ƙasar ta buɗe baƙa wuluk, da laushi, tsutsotsi na mutsu-mutsu a ciki. Ta tona, ta tona, babu singileti. Injiniya ya fara cewa ko ta manta wurin ne, sai ga ɗinkin wuya ya fito shi kaɗai, da yake zaren roba ne, da 'yar lambar kamfani a jiki.

Injiniya ya jujjuya shi, ya ciro waya ya ce a fasa turo motar. Uwar Shuka ta zauna daɓas a ƙasa.

Mijin ya karɓi zaren, ya daɗe yana kallon lambar.

"Wannan ai nawa ne," ya ce a hankali.

"Naka ne. Kuma shi ya ceci filin nan."

Ya dubi tsutsotsin, ya dube ta, ya ga ƙwalla a idonta. Sai ya cusa zaren a aljihu.

"To, ki gaya musu akwai wani a akwati, in ba su ƙoshi ba."