Miyar Ranar Jarrabawa

Bong Mal-sun ba ta taɓa zama a ajin jami'a ba, kuma ko a jikinta. Shekara uku ke nan tana cin darussan digiri ɗaya bayan ɗaya ta jarrabawar masu karatun kansu. Takan jingina littafi jikin keken ɗinkinta a kasuwar garin Mokpo na Koriya ta Kudu, hannu na rage tsawon wando, ido na bin layi. Matakai uku sun wuce, saura na huɗu, wanda sau ɗaya ake yi a shekara.

Ita dai shekara guda ba komai ba ce, tana da hamsin da uku kuma garau take. Mahaifiyarta ce ba ta da shekarar jira. Likita ya riga ya yi wa iyalin magana a fakaice, Mal-sun kuwa ta ci alwashin sai tsohuwar ta riƙe takardar digirin nan da hannunta.

Sai ga ranar jarrabawar ta faɗo daidai ranar haihuwar Mal-sun.

Da sanyin safiya tsohuwa ta turo ƙofa, tana haki, rungume da tukunya a naɗe cikin ƙyalle. Miyar ganyen teku ce, wadda ake ba mai jego, ake kuma sha ranar haihuwa. Shekara hamsin da uku ba ta taɓa fashin dafa ta ba.

Do-sik, mijin Mal-sun, ya yi zumbur. Shi da ya kwana uku yana ɗura wa matarsa alewa mai danƙo wai don ta manne a jarrabawa, ga miya mai yauƙi a teburinsa!

"Haba Inna! Yau fa jarrabawa! So kike ta zame ta faɗi?"

Tsohuwa ta yi turus. Ta dubi tukunyar, ta dubi 'yarta.

"Wayyo ni! Kaina ya tsufa." Ta fara mayar da ƙyallen. "Ni na cire ki daga makaranta kina da sha huɗu, na kai ki ɗinki don wanki ya yi karatu. Sau ɗaya na kayar da ke, ba zan ƙara ba."

Kusan shekara arba'in Mal-sun na jiran wannan magana. Da ta zo, ba daɗi ta ji ba, tausayi ne ya kama ta.

"Inna, saki tukunyar nan."

"Maman Ji-hun, ki rufa mana asiri!" in ji Do-sik, yana kiran matarsa da sunan ɗansu.

"Kai da ka sha alewa ka faɗi jarrabawar tuƙi sau uku? Miƙo mini cokali. Littafin da na cinye ya fi ka tsawo. In miya ce za ta kayar da ni, to dama ban tsaya da ƙafata ba."

Ta sha kwano guda tas, ta ƙara na biyu, har da cewa gishiri ya ɗan yi yawa. Sannan ta ɗauki jakarta ta nufi motar Gwangju, garin da za a yi jarrabawar, ta bar Do-sik yana salati irin nasu.

A ɗakin jarrabawa ta zauna cikin yara sa'o'in ɗanta, tana gyatsar ganyen teku. Tambayoyin kuwa duk tsofaffin abokai ne, ta san kowace daga nesa.

Takardar ta iso ƙarshen sanyi, lokacin tsohuwa na kwance a asibiti. Ba ta iya karatu ba, sai ta yi ta shafa jan hatimin da yatsa. Matar gadon kusa ta leƙo ta ce, "Kai, kin iya tarbiyya, baiwar Allah!"

Tsohuwa ta girgiza kai, ta ƙara ƙanƙame takardar.

"A'a. Ni cire ta na yi. Ita ta mayar da kanta."

Mal-sun ta gyara mata bargo. "Inna, miyar fa? Ai ba da cikin wofi na shiga ba."