Tabarmar Auren Unaisi

Abu ɗaya Tahlia ta haddace tsaf a jami'arsu ta Brisbane kafin a turo su tsibirin Kadavu: kada ka shiga ƙauye kana nuna abin da babu, ka fara da yabon abin da ke akwai. Mu ɗaliban raya ƙasashe haka muke, in malami ya faɗi magana sai mu maƙale mata kamar kaska.

Aikin kafa tankunan ruwan sama aka kawo su koya. Ba a kafa ko tanki ɗaya ba Tahlia ta duƙufa kan yabo. Ta yaba mafici, aka ba ta. Ta yaba wani zakara mai jan wuya, da yamma ta same shi a kwano tare da gwaza. Ita duk a zatonta farin jini ne, har tana yi wa 'yan ajinsu huɗuba kan yadda ake shiga zuciyar jama'a.

Ranar Talata ta tarar da Bubu Mereoni, wato Kaka Mereoni a harshensu, tsohuwar da ta sauke ta, tana shanya wata lallausar tabarma mai adon ulu ja da shuɗi a gefe.

"Wayyo Bubu! Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Ina ma tawa ce!"

Tsohuwa ta naɗe tabarmar ta ɗora mata a hannu.

"Ai ta zama taki, jikata."

A hanya Isikeli, jami'in da ke kula da ɗaliban, ya gan ta tana taƙama da kayanta. Ya dafe kai.

"Ke 'yar boko, kin san abin da kika ɗauko? A kanta za a zaunar da Unaisi ranar Asabar, ranar aurenta. Tun bara Bubu ke saƙa wa jikarta ita. A nan in baƙo ya yi sha'awar abu a fili, an ba shi ke nan."

"To bari in mayar!"

"Mayar mana, ki nuna wa tsohuwa kyautarta ba ta kai ba. In kin gama ki mayar da zakaran ma."

Kunya ta rufe Tahlia. Ta ƙetaro teku don taimakon mutane, ga shi ta bar amarya ba wurin zama. Washegari ta hango Bubu a inuwa tana tsaga sabon ganye don saƙa wata tabarmar da kumburarrun yatsunta, alhali kowa ya san ba za ta gama kafin Asabar ba. Ko abinci Tahlia ta kasa ci.

Ana gobe biki sai ga Unaisi ta shigo ɗakin Tahlia da ƙawayenta. Ta dubi tabarmar da ke jingine a kusurwa.

"Kai, Tahlia! Tabarmar nan taki akwai kyau. Ina ma tawa ce."

Idon Tahlia ya ciko da ƙwalla.

"Na sani, Unaisi, na sani. Laifina ne. Kin ga, matsalar irinmu masu zuwa daga waje ita ce ba ma sauraro..."

Ta ɗauko jawabi tiryan-tiryan yadda aka koya musu a aji. 'Yan matan suka kalli juna. Unaisi ta matso, ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

"Baiwar Allah, cewa na yi ina ma tawa ce!"

Wata ƙawar ta kai wa Tahlia mintsini a cinya. Sai a sannan kanta ya kawo wuta. Ta zabura ta rarumo tabarmar, har tana tuntuɓe.

"Ai ta zama taki! Ta zama taki!"

Ɗaki ya kaure da shewa. Unaisi ta rungume tabarmar a ƙirji, tana dariya tana share ido. A bakin ƙofa ta tsaya tana kallon takalman Tahlia, sababbi fil, waɗanda ta saya musamman don aikin ceton al'umma.

"Waɗannan ma ba laifi," in ji amarya.

Tahlia ta sunkuya ta ɗauko su. "Lamba nawa kike sawa?"

"Kada ki damu, ƙawata. Za su shiga."