Zakaran da A-Lok Ya Sare

Malama Hsiao ta zo ƙauyenmu daga jami'a tana neman wanda zai gaya mata yadda ake sayen ƙuri'a. Wai ta bi kotuna da ɗakunan karatu, ba ta samu komai ba sai dokar da ta hana. Dariya ta kusa sa ni kifar da tukunyar taliyar da nake sayarwa. Na nuna mata gidan A-Lok, tsohon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba sabulu da ambulan na kuɗi lokacin zaɓe a madadin shugaban ƙauyenmu, Ko Tien-fu.

A-Lok ya zazzage mata komai, tana ɗauka a waya. Kafin azahar labari ya kai kunnen Ko.

A gaban rumfata ƙartin Ko suka tare tsohon. Ɗaya ya maka masa kujerata a baki, haƙora suka zube cikin kwata. Suka ja shi a ƙasa har haikalin ƙauyenmu, muka bi su duu, Malama tana kuka tana roƙo. A wurinmu, wanda ya sare kan zakara gaban abin bauta bisa ƙarya, mutuwar zakaran zai yi. Shugaba Ko ya ce A-Lok ya rantse duk abin da ya faɗa sharri ne, Malama ta goge abin da ta ɗauka, magana ta mutu.

Aka danne farin zakara a kan gungume. A-Lok ya karɓi adda, jini na bin haɓarsa.

"Yi sauri, tsohon banza, shinkafata na hucewa," in ji Ko.

A-Lok ya ce, "In na yi wa yarinyar nan ƙarya ko ta kalma ɗaya, in mutu haka." Ya sare. Gangar jikin ta yi ta tsalle, ta fesa wa Ko jini a farin wando.

Tsohon ya miƙa masa addar. "Maigida, ga wani zakaran can. Kai ma rantse ba ka taɓa sayen ƙuri'a ba."

Shugaba Ko ya dubi addar, ya dube mu, ya ce shi ba ya wasan ƙauyawa, ya fice. Ƙartinsa dai sai da suka karya wa A-Lok hannu a bakin ƙofa, ƙarar ƙashin har cikin kaina.

Malama ba ta goge komai ba. Washegari tsofaffi suka yi layi a rumfata, kowa da nasa labarin sabulun. A-Lok kuwa da hagu yake cin taliya yanzu, ni nake yanka masa ita ƙanana.