Maɓallin Kusurwa

A shagon Malam Shamsuddeen da ke bayan tashar mota a Kontagora, kwamfuta ɗaya ce mai rai, kuma ɗalibi bai isa ya taɓa ta ba. Da ita yake buga wa mutane takardu yana samun na cefane. Ɗalibai kuwa kibod tsura ake ba su, tsofaffi da ya kwaso daga wani ofis da ke zubar da tarkace, igiyarsu na lilo a ƙarƙashin benci ba a jone da komai ba. Duk da haka a bakin ƙofa an rangaɗa rubutu da jan fenti cewa a nan ake yaye gwanayen kwamfuta. Ni dai duk sanda na wuce allon nan sai raina ya ɓaci.

Amma kada in ɗauki alhakinsa, mutumin ba macuci ba ne. Ya iya aikinsa, kuma ya yi imani da abin da yake koyarwa har cikin zuciyarsa. A wurinsa maus, ɗan linzamin kwamfuta da ake ja da hannu, kayan ragwaye ne. Gwani ba ya ɗaga hannu daga kibod, ba ya kallon yatsunsa, idonsa na kan takardar da yake kwafa. Sai ya tsaya a gaban benci da ’yar sandarsa yana kira, su kuma suna dannawa.

“Kwafa!”

Ƙaramin yatsan hagu ya sauka kan maɓallin Ctrl, wani ya sauka kan C.

“Liƙa! Kaurara! Kai tsakiya! Adana!”

V, B, E, S. Shagon ya ɗauki ƙas-ƙas-ƙas, mai shayin da ke maƙwabtaka yana leƙowa yana dariya.

“Ctrl a kusurwa yake,” in ji Malam, kullum sai ya faɗa. “Kusurwar hagu, can ƙasa. Ko makaho ya lalubo shi. Wanda na kama yana leƙen hannunsa, sandata ce za ta gaishe shi.”

A cikin ɗaliban babu wanda ya riƙi maganar nan da gaske kamar Asibi. Daga wani ƙauye ta fito a gaban Beri. Ta gama sakandare kafin ta auri Joshua, kuma a daminar bara ’yan bindiga suka same shi a gona yana ciyawa suka harbe shi. Ita da ’yarta Jemimah suka gudo tare da Fidelis, wan mijin nata, da iyalinsa, aka cunkushe a ɗaki guda a bayan gari. Da rana tana yi wa wata mai abinci wanke-wanke, da yamma ta zo ta zauna gaban mataccen kibod.

Fidelis manomi ne, birni ya gagare shi. Ya yi dako, ya yi leburanci, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da zafin bazara ya tsananta sai ya kira ta ƙofar ɗaki.

“Maman Jemimah, ruwa na sauka za mu koma. An ce an yi sulhu da mutanen daji.”

“Yaya, sulhun nan ai bara ma an yi shi.”

“Na sani. To nan me za mu ci? Gonar Joshua tana can, wa zai nome ta?”

“Makarantar da na faɗa maka suna neman mai buga musu tambayoyin jarrabawa. Akwai ɗaki a bayan makarantar, kuma za su sa Jemimah a aji.”

Fidelis ya ce, “In sun ɗauke ki, ki zauna da albarkata. In ba su ɗauke ki ba, ba zan bar matar ƙanena da ’yarsa a titi ba. Za ki bi mu.”

Ba mugunta ba ce ta sa ya faɗi haka, ita ma ta sani, shi ya sa ba ta yi masa musu ba. Amma tsoron hanyar Beri yana nan daram a ƙirjinta.

Sai ta roƙi Malam ya ara mata kibod ɗaya ta riƙa zuwa gida da shi. Tana jiran wake ya nuna, kibod na kan cinyarta. Jemimah ta haddace kiran Malam, ta tsaya da tsinken tsintsiya tana ihu, “Kwafa! Liƙa!” uwar tana dannawa ido a rufe. Matar Fidelis kan ce, “Ke dai Allah ya sa abin nan ya haifu, kin hana mu sakat da ƙas-ƙas.” Ƙaramin yatsan Asibi har kanta ya yi a gefe. In ta ajiye hannu a kan tire ko murfin tukunya, da kansa yake neman kusurwar hagu.

Jefi-jefi, in akwai wuta kuma babu kwastoma, Malam kan tara su a bayansa ya nuna musu abin a zahiri, shi a zaune, su a tsaye suna leƙe ta kafaɗarsa. Wata rana ya cika shafi da rubutu, ya shafe shi tas, ɗalibai suka yi salati. Sai ya danna Ctrl da Z. Rubutun ya dawo cif, ko waƙafi bai ɓace ba.

“Wannan shi ne mai ceto,” ya ce yana murmushi. “Ku riƙe shi da kyau.”

“Malam, ko me mutum ya ɓata?” Asibi ta tambaya.

“Ko mene ne, Madam Asibi. Muddin ba a rufe shafin ba. In an rufe, to, sai dai haƙuri.”

Ta roƙe shi ta zauna ko sau ɗaya ne ta gwada da hannunta. Ya ce gobe. Da goben ta zo babu wuta, man janareta kuma ba na wasa ba ne. Ranar da ya tashi ya ba ta kujerar, ko zama ba ta gama yi ba wani ya shigo da katin biki yana sauri. Haka dai, har ranar gwajin neman aikin makarantar ta zo Asibi ba ta taɓa danna harafi ta ga ya fito a fuskar kwamfuta ba. Malam ya ce kada ta damu, a duk waɗanda ya koyar babu mai hannunta, kuma gaskiya ya faɗa.

Makarantar ta kuɗi ce, ƙarama, ta firamare. Shugabar, Madam Alice, mace ce mai tabarau da yawan waya. Masu neman aikin su biyu ne, Asibi da wata budurwa mai suna Bilki da ke ta taunar cingam. Madam ta ajiye laftof, ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka, a kan tebur, ta buɗe farin shafi, ta miƙa wa Asibi takardar tambayoyin aji uku da aka rubuta da hannu.

“Ki buga wannan. Kan maganar ya yi kauri, ya zauna a tsakiya. Tambayoyin kuma ki maimaita su a ƙasa, don mu nan raba takarda muke yi biyu, yara biyu su samu. In kin gama ki adana.”

Asibi ta ji sanyi a ranta, domin babu abin da ba ta sani ba a ciki. Ta yi ’yar addu’a, ta ajiye takardar a hagu kamar yadda aka koya mata, ta lalubo inda maɓallan kibiya suke da hannun dama, ta kafa ido a kan rubutun.

To ga inda abin yake. Wanda ya ƙera laftof ɗin nan, ko a wace ƙasa yake, ya ga dama ya ɗauke Ctrl daga kusurwa ya matsar da shi gida ɗaya zuwa dama. A kusurwar ya dasa wani maɓalli mai suna Fn, wanda ba ruwansa da kwafa ko liƙawa. Kaurin yatsa ɗaya ne tsakaninsu. Asibi ba ta duba ba, ai an hana ta dubawa.

Ta buga kan maganar, ta riƙe maɓallin Shift ta haskaka layin da kibiya, ƙaramin yatsa ya tafi kusurwa, ta danna B, ta danna E. Maimakon layin ya yi kauri ya koma tsakiya, sai ya ɓace, haruffan biyu suka zauna a gurbinsa. Ba ta gani ba. Ta shiga tambayoyin, yatsunta na gudu, har Madam Alice ta sauke waya daga kunne ta dube ta daga ƙofa, Bilki kuma ta daina taunar cingam. Babu kuskure ko ɗaya a abin da ta buga, wannan zan iya rantsewa a kai. Da ta kai ƙarshe ta riƙe Shift ta hau da kibiya, layi bayan layi, ta haskaka tambayoyin duka. Kusurwa da C. Kusurwa da V. Kusurwa da S.

Sannan ta ɗago kai, da ɗan murmushinta.

Shafin fari fat. A sama b da e, a ƙasa c da v da s, shi ke nan.

Tambayoyin duk sun ɓace. Amma ta tuna akwai mai ceto, kuma ba a rufe shafin ba. Ta kai yatsa kusurwa ta danna Z. Sai z ya fito kusa da s. Ta sake dannawa, wani ya fito. Ta danne da ƙarfi, tana cewa “Yesu, Yesu” a ƙasan maƙoshi, z suka yi ta zubowa suka cika layi suka gangara na biyu.

A haka Madam Alice ta zo ta same ta. Ta gyara tabarau, ta dubi shafin, ta dubi Asibi.

“Ikon Allah. Ashe duk ƙarar nan ganga kike kaɗa mana?”

“Madam, na buga. Wallahi na buga duka, yana ciki.”

“Yana cikin ina? Ga shi ina gani.” Ba da faɗa ta yi maganar ba, tausayi ma ne a muryarta, kuma shi ya fi ciwo. “Baiwar Allah, in ba ki iya ba ai ba abin kunya ba ne. Tashi ki ba yarinyar nan wuri.”

Asibi ta miƙe. Da ta janye hannunta, a karon farko idonta ya sauka kan kusurwar. Fn. Ga Ctrl kuma a gefensa, yana zaune lafiya lau.

“Madam, tsaya! Na gane, ki bari in danna sau—”

Madam ta riga ta kai maus kan alamar rufewa. Kwamfutar ta tambaya ko a adana, ta ce a’a, ta buɗe wa Bilki sabon shafi.

Asibi ta roƙa a sake ba ta dama. Madam ta ce iyayen yara na jiran ta, kuma ta ga abin da ta gani. Daga bakin taga Asibi ta tsaya tana kallon Bilki tana tsintar haruffa da yatsa biyu kamar kaza na tsintar dawa, tana danna ɗaya tana ɗaga kai ta duba, tana jan maus a hankali. Ta daɗe ƙwarai, ta yi kurakurai ta gyara. Amma da ta gama akwai rubutu a shafin, kuma ita aka ɗauka.

Washegari Asibi ta mayar wa Malam Shamsuddeen kibod ɗinsa, ta faɗa masa yadda aka yi. Ya cire hula ya shafa kai, ya mayar.

“Innalillahi. Akwai irinsu, na taɓa gani. Ai da kin ɗan duba, Madam Asibi.”

Ta dube shi, ta dubi sandar da ke hannunsa. Shi ma ya dubi sandar. Daga baya ya ce zai faɗa wa sauran, zai kuma sa kunne ko wani wuri na neman ma’aikaci. Ta yi godiya, don ba ta da ƙarfin yin wani abu. Ba ta kai bakin tasha ba ta jiyo muryarsa a bayanta, sababbin ɗalibai sun zauna.

“Ctrl a kusurwa yake! Kwafa!”

A makon nan hadari ya haɗo ta gabas, ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Mutanen gari suna ta murna an samu sauƙin zafi. Fidelis ya fito da fartanyunsa daga ƙarƙashin gado ya kai maƙera aka wasa su, har da ta Joshua.

Ranar komawa ƙauye suka hau bayan a-kori-kura da safe, tsakanin buhunan iri da tabarmi da tukwane. Har suka fita gari ana hira, wani ma yana ba’a. Da aka wuce shingen jami’an tsaro na ƙarshe, daji ya rufe hanya ta kowane gefe, sai kowa ya yi tsit, direba ya kashe rediyo. Asibi ta rungume Jemimah da hannun dama. Na hagun yana kan gwiwarta, ƙaramin yatsan yana ta danna zane, yana saki, yana dannawa.

“Mama,” Jemimah ta ce a hankali, “a can ma akwai aji?”

Makarantar ƙauyensu tun bara aka ƙone ta. Asibi ta gyara wa yarinyar ɗankwali, ta ce ta sunkuyar da kanta ƙasa.